Takalman Siminti a Bakin Karar Zongo

Shekara talatin da biyar ke nan da muka kai Malam Isiyaku makwancinsa. Har yau idan na faɗa wa baƙo cewa babban aminina a duniya Bayahude ne, sai ya ƙura mini ido ya ga ko tsufa ya fara taɓa mini kai. Bai taɓa ba tukuna. Gwiwa ce ta ƙi, ido kuma sai da tabarau, amma abin da na gani a Zongon Kwatano yana nan daram a raina, kuma ina so in faɗe shi tun bakina yana iya faɗa.

Na san yadda kalmar Bayahude take sauka a kunnenmu. Da ita muke zagin marowaci da mugu, labaran da rediyo ke kawo mana daga gabas kuma ba su ƙara mata farin jini ba. To ni ba wata gwamnati na zo wankewa ba. Labarin mutum ɗaya zan bayar, wanda ya zauna a ɗakin bayan gidanmu tun ina saurayi har na fara furfura, ya ci tuwo a akushi ɗaya da mahaifina, ya ɗauki 'ya'yana a kafaɗa, kuma bai samu wurin da zai kira nasa ba sai wannan lungu namu mai warin kashin shanu. Wanda ya ga dama ya karanta, wanda bai ga dama ba ya juya shafi, ba za mu yi faɗa ba.

Sunan Annabi Isiyaku iyayensa suka raɗa masa da irin lafazinsu, mu kuwa muka miƙe shi yadda bakinmu ya saba. A wani ƙaramin gari mai sanyi aka haife shi, can gabashin Turai. Kakansa masassaƙin duwatsun kabari ne, a gabansa ya fara riƙe guduma. Da aka ga hannunsa yana da kyau, sai aka tura shi babbar makarantar zane a birni. Yana tsakiyar karatu babban yaƙin Turawa ya taso, aka shiga farautar mutanensa gida-gida. Da ƙafa ya tsallake iyaka. Ƙasar da ya faɗa ta tsare shi a sansani, da yaƙi ya ƙare kuma ta ce ba ta san da zamansa ba. Ya nemi danginsa bai samu ko mutum ɗaya ba. Daga nan ya kama aikin shafa wa jiragen ruwa fenti, yana yawo a teku, har wani jirgi ya sauke shi a Kwatano da zazzaɓi a zamanin Faransawa, ya yi gaba ya bar shi.

Nama ne ya kawo shi Zongo. Yakan ce shi ba wani mai ibada ba ne, amma cikinsa malami ne, ba ya karɓar alade ko mushe. Ya zo wurin mahauta ya tsaya yana kallon yadda ake wasa wuƙa da yadda ake yanka, ya ce wannan ya yi kama da na gida. A nan mahaifina ya gan shi, Bature ramamme, wuya kamar na zalɓe. Mahaifina mai masaukin fataken shanu ne. Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take: falke ya taso da shanunsa daga arewa ya sauka gidanka, kai za ka ba shi ɗaki da abinci, ka tsaya masa a ciniki, in ya yi laifi a gari kai za a kira, ba shi ba. Kuma ba ya ɗaukar kayansa ya tafi sai ka sallame shi. Ba a rubuce dokar take ba, amma a Zongo ta fi ta kwamisariya, ofishin 'yan sanda, ƙarfi. Da ita mahaifina ya karɓi Isiyaku, ya sa aka kwashe igiyoyi da fatu daga ɗakin baya aka shimfiɗa masa tabarma.

Aikinsa iri biyu ne, na ci da na rai. Na ci shi ne allunan masu aski, da bayan motocin shanu, da jikin kwale-kwalen masunta a bakin ruwan Fijirose. Direba ba ya jin motarsa ta cika mota sai Isiyaku ya zana masa zaki ko dawisu a ƙofar baya, har daga Godome ake zuwa ɗaukarsa. Na rai kuwa a ɗaki yake yi. Ya zana matan kasuwa da tire a ka, ya zana fatake suna gyangyaɗi a inuwa, ya zana shanu. Shanun nan ba a magana. Wani Bafillace ya taɓa leƙa ɗakin ya ga hoton wani bijimi, ya rantse da Allah ya san uwarsa. Yana kuma sassaƙa kawunan mutane da itace, Turawan gari suna zuwa saye. An taɓa jera aikinsa a wani babban zaure a cikin birni, muka zuba manyan riguna muka je kallo, muna ta nuna wa juna maƙwabtanmu a jikin bango.

Kawunan nan ba ya barinsu a buɗe a gidanmu. Kullum da tsumma a kansu, don ya san inda yake zaune. Kuma kowanne sai ka ga ya bar masa wani wuri bai gama ba, ko kunne ko gefen hanci. Da na tambaye shi, ya ce su ma a addininsu an hana cika surar mutum, kakansa ya tsufa yana sassaƙa dutse bai taɓa fitar da fuska ba, sai hannuwa da fitilu da reshen itace. Na ce ashe kai ma mai laifi ne a gidanku. Ya ce, "Sosai ma, Mamman. Shi ya sa nake yin laifin rabi-rabi."

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga Kwatanon yau. Allunan masu aski yanzu inji ke buga su, kowane shago kai iri ɗaya, gemu iri ɗaya, na tabbata da ya yi tsaki ya wuce. Amma wayar hannu ce nake jin za ta tsayar da shi. Yau kowane yaro yana yawo da hoton uwarsa a aljihu, har ya gaji ya goge ya ɗauki wani. Shi kuwa, mutumin da ya zana fuskar rabin Zongo, bai mallaki hoton tasa uwar ko guda ba. Ba na jin zai yi hassada. Zai dai karɓi wayar ya daɗe yana kallo, ya ce wa yaron ya riƙe ta da kyau.

Akwai abin da na lura da shi tun farkon zamansa. A ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin ƙarfe, kullum a shirye, da riguna da bargo da buroshi da ƙaramar guduma. In mota ta ja birki da ƙarfi a ƙofar gida, sai ka ga hannunsa ya daina motsi har sai ya ji muryar wanda ya sauko. Mutumin da ke sa mu dariya har ciki ya ƙulle, da tsoro ɗaya yake kwana yake tashi, kada a sake ce masa ya tashi. Ba shi da takardar kowace ƙasa. An kore shi sau biyu, ya ce mini na ukun ba zai iya ba.

Da ciwon ajali ya kama mahaifina, ya kira ni ya damƙa mini gida da fatake. Sannan ya nuna ɗakin baya da haɓa ya ce, "Wancan baƙona ne. Ban sallame shi ba. Kai ma kada ka sallame shi." Tun daga ranar Isiyaku ya daina kirana Mamman ya koma Maigida, alhali ya girme ni nesa ba kusa ba. Da tsokana ya fara, har sunan ya zauna.

Sai sojoji suka karɓi mulki, bayan ɗan lokaci aka ce an yi juyin juya hali. Aka canza wa ƙasa suna, aka kawo tuta kore mai jan tauraro, kowa ya zama kamarad, har tsohuwa mai ƙosai. Turawan da ke sayen aikinsa suka watse. Kowace unguwa aka naɗa mata delege, wato idon gwamnati da bakinta. Namu Basiru ne, ɗan Hajiya mai goro, malamin lekol, wato makarantar boko. Yaron kirki ne ainihinsa, kakin da aka sa masa ne ya ɗan yi masa yawa.

Wata rana da hantsi Basiru ya yi sallama ya shigo, ya tarar da mu a ƙofar ɗakin baya, Isiyaku yana zana allon wani mai shayi. Ya gaishe mu a tsaye, abin da ba ya yi a da.

Ya ce, "Baba Isiyaku, daga sama aka ce kowace unguwa ta kafa abin tunawa da ma'aikata kafin bikin shekara. Namu na Zongo makiyayi ne, na siminti, tsayin mutum biyu, ya ɗaga hannu ya dunƙule. A bakin kara za a kafa shi. An ce kai za ka yi."

Bakin kara kuwa, wato ƙofar kasuwar shanu, yana kallon masallacinmu ne ido da ido. Na ce, "Basiru, gunki a gaban masallaci? Uwarka ta ji wannan magana?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ni ma aiko ni aka yi. Kuma gara in faɗa muku gaskiya, a ofishin gwamnati ana duba zaman baƙi. Duk baƙon da ba ya amfanar juyin juya hali, gida za a mai da shi."

Isiyaku ya ajiye buroshi ya ce, "Gida. To kamarad, in sun gano inda yake, don Allah su faɗa mini."

Babu wanda ya yi dariya.

Kafin la'asar magana ta gama Zongo. Liman ya aiko kirana, na tarar da dattawa cike da zaure. Ba su kira Isiyaku ba, don a wurinmu ba a yi wa baƙo shari'a maigidansa yana raye. Liman mutum ne mai sanyin hali, kuma yana son Isiyaku, wanda ya yi wa ƙofar masallaci adon ganyaye kyauta. Ya ce, "Mamman, baƙonka bai taɓa ɓata mana ba. Amma in hannunsa ya tsayar da gunki yana kallon masallaci, ba zai ƙara kwana a unguwar nan ba. Ba ni zan kore shi ba, jama'a ce, kuma ba zan iya tare ta ba." Wani dillali da dama can yake jin haushin gidanmu ya ƙara da cewa fatakena ma za su sauya masauki. Na ce masa sun san hanyar gidansa tuntuni, miyar gidan ce ta hana su zuwa. Sannan na roƙi Liman a ba ni lokaci, baƙona ne, abin da ya yi ni na yi.

Ga inda magana ta tsaya ke nan. In ya ƙi, gwamnati ta sa shi a jirgi zuwa inda babu wanda ya san shi. In ya yi, Zongo ta fitar masa da kaya.

Na koma gida na tarar ya jawo akwatin nan ya ajiye a tsakar ɗaki, ya zauna a kai. Ya ce, "Maigida, zan sauƙaƙa maka. Akwai motar da za ta tashi gobe, direban ya san ni." Raina ya ɓaci, irin ɓacin da ban taɓa yi masa ba. Na ce ya tashi, ya tashi. Na sungumi akwatin na shige cikin gida na miƙa wa maiɗakina Hajiya Rabi, na ce ta sa shi a ƙarƙashin jeren kwanoninta. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ce dai, "Ya zo ya ɗauka in ya isa." Na dawo na tsaya a kansa.

Na ce, "Malam Isiyaku, a gidan nan wa ke sallamar baƙo?"

Ya ce, "Maigida."

Na ce, "To ban sallame ka ba. Kai ka yi karatun abin, je ka nemo mana hanya. In ba a samu ba, tare za a kore mu."

Ya daɗe yana kallona. Can ya ce an tsare shi a wurare da yawa a duniya, amma yau ne aka fara tsare shi don ana son sa.

Daga ranar ya ajiye zane. Kullum sai ya tafi kara ya sami inuwa ya zauna. Mutane suka ce wurin kafa gunki yake aunawa, wasu har suka daina amsa gaisuwarsa. Ashe masu koro shanu yake kallo. Su kuwa haka suke yi tun kaka da kakanni: in azahar ta yi, mutum zai jingine sandarsa, ya rataya malfa a kanta, ya ajiye goran ruwa, ya tuɓe takalma ya jera su, ya tafi alwala. Shanu kuma suna ta turereniya a kan rabin duron nan mai yoyo da muke shayar da su a ciki, abin kunyar da muka daɗe muna cewa za mu gyara. Bayan ya gama kallonsa ya ce in raka shi wurin Liman.

Ya durƙusa ya gaishe shi ya ce, "Allah gafarta Malam, surar takalmi haramun ce?"

Liman ya ce, "Takalmi yana da rai?"

"Babu. Sanda fa? Malfa fa?"

Liman ya dube shi ta gefen ido, ya fara murmushi. Ya ce, "Isiyaku, in dai ba mai numfashi ba ne, sassaƙa abinka."

Sai Isiyaku ya sa Basiru ya kawo siminti da rodi da bututun ruwa, ya kewaye wurin da zana, ya hana kowa shiga. Basiru yakan zo ya leƙa ta kafa ya ga abu yana ta tafiya a kwance, ya ce, "Baba, yaushe zai tashi tsaye?" Isiyaku ya ce, "Siminti ba ya son gaggawa, kamarad." Ni ban leƙa ba ko sau ɗaya. Gabana yana faɗuwa kam, amma a kasuwa ƙirji nake turowa gaba, don maigidan da ya nuna shakka a kan baƙonsa ya gama ba da shi.

Ranar buɗewa aka jero 'yan lekol da tutoci, aka kawo makaɗa, wani babban kamarad ya zo daga cikin birni a mota. Dattawanmu suka tsaya can jikin masallaci, hannuwa a harɗe. Da aka janye zana sai ga doguwar ma'ajiyar ruwa ta siminti, irin kwamin da ake shayar da shanu, sumul, ruwa ya cika ta har baki, da jan tauraro a gefe. A ƙarshenta ga sanda a jingine, malfa a rataye a kanta, ga gora, ga takalman fata a jere, duk na siminti. Sai ka ce yanzu mai su ya tuɓe, har da lanƙwasar da babban yatsa ke yi wa tsohon takalmi.

Babban kamarad ya zagaya kwamin, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya yi magana da Faransanci. Basiru ya fassara, "Yana tambaya, ina ma'aikacin?"

Isiyaku ya iya Faransanci sarai, amma da Hausa ya amsa, da ƙarfi, don Zongo ta ji. Ya ce, "Ya tafi aiki, kamarad. Ma'aikacin kirki ba ya wuni a tsaye yana ɗaga hannu."

Basiru ya mayar wa babban kamarad da Faransanci, Allah kaɗai ya san irin zumar da ya ƙara. Ni dai idona yana kan jandarmomin da ke bayan motar. Ana cikin haka sai wasu shanu da aka sauko da su daga arewa da safiyar nan suka ji ƙanshin ruwa, suka keto ta tsakiyar taro, 'yan lekol suka watse suna ihu da dariya, shanu suka kafa baki suka hau sha. Babban kamarad ya kalle su, ya kalli takalman, ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Da ya hau jawabi ya ce Zongo ta fi kowace unguwa fahimtar juyin juya hali, tunda abin tunawarta ma aiki yake yi. Da aka kira azahar Liman ya tako a hankali, ya naɗe hannun riga, ya yi alwala a famfon da ke ƙarshen kwamin. Daga ranar ba a ƙara tayar da maganar ba.

Da labarin ya tsaya nan, da na ce labarin wayo ne, kuma haka Zongo take ba da shi har gobe. Amma bayan 'yan kwanaki na je duba shanu da safe, na hango shi a tsugune a bayan kwamin, ɓangaren da ke jikin katanga, inda ba mai bi. Na matsa. A ƙarƙashin bakin simintin akwai wasu takalman a jere, ba irin namu ba. Na namiji mai igiya, na mace mai maɗauri, da wani ɗan ƙarami. Ya ɗauki tsakuwa ya ajiye a kusa da su.

Bai jira na tambaya ba. Ya ce, "Ranar da na gudo daga birni na isa gida, ƙofarmu a buɗe take. An riga an kwashe su. An hargitsa komai, sai takalman ranar Asabar, waɗanda ake zuwa ibada da su. Innata ta goge su ta jera a ƙarƙashin benci, ba wanda ya taɓa. Na Baba, nata, da na ƙanwata. Ba su da kabari, Maigida. Na yi shekaru ina neman fuskokinsu a jikin itace, sun ƙi fitowa. Takalman kuwa ko ɗinki ɗaya ban manta ba."

Na tambaye shi tsakuwar fa. Ya ce a wurinsu in ka ziyarci kabari haka kake yi, don a san an zo. Na ce, kuma duk faɗin duniya a nan ka ga ya dace ka ajiye su, cikin kashin shanu? Ya ce, "Tunda ka ƙi sallamata, na ga gara in kawo su kusa."

Na yi kuka a wurin, ni da ban yi a gaban mutane ba ranar da aka binne mahaifina. Da muka koma gida Hajiya Rabi ta aiko a tambaye shi ko a fito masa da akwatinsa, tunda rigima ta wuce. Ya ce a bar shi inda yake.

Ya ƙara shekaru masu yawa tare da mu. Ya ci gaba da zana motoci, ya koya wa duk wanda ya so riƙe buroshi, birkin mota kuma ya daina tsayar masa da hannu. Da damina ya rasu, a ɗakin nan na baya, juyin juya halin ma lokacin ya fara gajiya. Yakan yi mana ba'a cewa a addininsu sai maza goma sun taru ake yi wa mamaci addu'a, shi kuwa a Kwatano ko ya haɗa da inuwarsa biyu ne. Liman, wanda ya tsufa tukuf a lokacin, ya ce sallarmu ba za mu yi masa ba, don ba addininmu ɗaya ba, shi ma ba zai so a yi masa ƙarya ba. Amma wanka da likkafani da ɗauka a kafaɗa, wannan haƙƙin maƙwabci ne. Fatake suka zo, mahauta suka zo, direbobi suka ajiye motoci, masunta suka taso daga Fijirose, Basiru yana gaba ba kaki. A gefen maƙabartar gari muka sa shi. Babu wanda ya san addu'arsu a cikinmu, sai muka tsaya shiru, mun fi goma nesa ba kusa ba. Da Hajiya Rabi ta fito da akwatin muka buɗe, asu ya cinye rigunan tas.

Yau in ka nemi aikinsa za ka sha wuya. Motocin da ya zana sun zama tsohon ƙarfe, kwale-kwalen teku ta cinye su, kawunan itace kuma masu saye sun yi gaba da su, ban san inda suke ba. An mai da cinikin shanu bayan gari, wurin ya cika da shagunan waya da masu faci. Amma kwamin yana nan. Tauraron ya koɗe, sandar ta karye, gefen malfar ya ɓantare, ruwa kuwa bai daina zuba ba. 'Yan zemijan, masu haya da babur, a nan suke wanke baburansu su yi alwala. Na san da zai ga haka cewa zai yi ma'aikacin har yanzu bai dawo ba, aiki ya yi masa yawa.

Ni abin da na ɗauka ya saura daga gare shi ba zane ba ne. Mutum ne da duniya ta kora har sau biyu, ya zo unguwar baƙi, aka matse shi ta gaba da baya, ya fita bai ci amanar masallacinmu ba, bai kunyata wanda aka aiko ba, bai kuma bar nasa a watse ba. Mu ma mun riƙe tamu dokar ta masauki a ranar da riƙe ta yake da wuya, kuma ina alfahari da hakan, ba zan ɓoye ba.

Tsakuwar ma ta saura. Masu koro shanu sun ga yana ajiyewa, bayan rasuwarsa sun ga ina ajiyewa, suka ɗauka. Daga wurinsu ta wuce ga waɗanda suka biyo baya. Wani matashin malami ya taɓa tare ni ya ce bidi'a ce, na ce masa ba a roƙon kowa komai a wurin, gaisuwa ce kawai. Kwanan baya jikana ya kai ni wurin a mota, ina tsaye ina dogara sanda, sai wani ɗan zemijan da bai san ni ba ya ce, "Baba, ajiye tsakuwa mana, haka ake yi a nan." Na ce don me? Ya ce, "Oho, haka muka tarar."

Ban yi masa bayani ba. Na sa jikana ya riƙe ni, na zagaya bayan kwamin, na sunkuya da wannan gwiwa tawa mai gardama. Na ajiye tsakuwa uku a gaban takalman, ta huɗun kuma, ta Malam Isiyaku, a gefensu. Mahaifina ya bar mini baƙo, kuma har yau ban sallame shi ba.